Babi Na Biyar: Wane Harsashi Ne Ke Kayar Da Mutum Nan Take?

Me ya sa ake harbin wani sau biyar da ƙaramar bindiga ya ci gaba da gudu, wani kuma harsashi ɗaya ya same shi ya zube inda yake tsaye? Duk lokacin da hira ta biyo ta kan 'yan fashi ko artabu da 'yan sanda, sai wannan tambaya ta taso. A majalisunmu amsar a shirye take: mutumin ya sha maganin bindiga, ya dafu. A Amurka, inda ƙaramar bindiga ke rataye a ƙugun kowane ɗan sanda, amsarsu daban ce. Cewa suke harsashin ne ya yi ƙanƙanta, da an yi amfani da mai kauri da magana ta ƙare tun a harbin farko.

Wannan amsa tasu ta haifar da muhawarar da ta haura shekara ɗari, a kan abin da suke kira ƙarfin tsayarwa. Ba kisa ake nufi da shi ba. Ɗan sandan da wani ya taso masa da adda, damuwarsa ita ce ko mutumin zai daina tahowa cikin daƙiƙa biyu masu zuwa. In maharin ya sare shi sannan ya mutu a asibiti bayan awa ɗaya, harsashin ya yi kisa amma bai yi tsayarwa ba. A kan neman wannan tsayarwa sojoji da hukumomin tsaro suka yi ta sauya bindigogi, aka kashe kuɗi masu yawa, aka kuma yi asarar rayuka kafin a gane inda gaskiyar take.

Abin Da Lambobin Ke Nufi

Lambar da ake kiran harsashi da ita kaurinsa take nunawa. Turai da milimita take awo, Amurka da inci. Harsashin 9mm, wanda Georg Luger ya ƙera wa Jamus a farkon ƙarni na 20, kaurinsa milimita tara ne. In ka ga .45, kashi 45 cikin ɗari na inci ake nufi, wato kusan milimita 11 da rabi. Tsakaninsu akwai .40, milimita 10 da ɗoriya. Can ƙasa kuma ga .22, wanda bai kai milimita shida ba. Harsasan libarba guda biyu da suka yi suna, .38 Special da .357 Magnum, kaurinsu ɗaya ne da juna, kuma kusan ɗaya da na 9mm. Abin da ya raba su shi ne tsawon kwanso da ƙarfin albarushin da ke ciki.

Ka riƙe wannan: tsakanin 9mm da .45, waɗanda a kansu aka fi ta da jijiyar wuya, bambancin kauri milimita biyu da rabi ne kacal.

Yadda Filifin Ta Haifi .45

A shekarun da Turawan Ingila ke cin Kano da Sakkwato, Amurka ita ma tana mamayar tsibiran Filifin. A kudancin ƙasar, a Mindanawo da Sulu, ta gamu da Musulmin Moro, mutanen da suka ƙi miƙa wuya ga Sifaniya tsawon ƙarnoni, ba su kuma ga dalilin miƙa shi ga sabon baƙo ba. Yawancinsu takubba da adduna ne makamansu. Sojan Amurka kuwa yana ɗauke da libarba mai harsashin .38 Long Colt. Rahotanni suka riƙa komawa gida cewa ana harbin mayaƙin Moro har ya ƙaraso ya yi sara kafin ya faɗi.

Wani likitan soja, Louis LaGarde, ya rubuta labarin wani fursuna mai suna Antonio Caspi a tsibirin Samar, wanda ya yi yunƙurin tserewa a watan Oktoba na 1905. An harbe shi sau huɗu da .38 a kusa da kusa, uku daga ciki a ƙirji, bai tsaya ba sai da aka buga masa gindin bindiga a goshi.

Shekara guda kafin wannan, a 1904, hukumar soja ta ɗora wa LaGarde da John Thompson aikin gano harsashin da ya dace. Suka je mayankar Shikago suka riƙa harbin shanu masu rai, suka kuma rataye gawarwaki suna harbi suna duban yadda suke lilo. Da ma'aunin yau wannan ba bincike ba ne da za a dogara da shi: dabbobin kaɗan ne, lilon gawa kuma da ido ake ƙiyasta shi. Duk da haka hukuncinsu ya zauna, cewa kada kaurin harsashin soja ya gaza .45. John Browning ya ƙera bindigar da ta cika sharaɗin, sojan Amurka ya karɓe ta a 1911, ya kuma riƙe ta har 1985. Daga nan imani ya kafu a zukatan Amurkawa cewa .45 ko a yatsa ya sami mutum sai ya kai shi ƙasa. Abin da masu wannan labari ba su cika faɗa ba shi ne, akwai mayaƙan Moro da ko babbar bindigar soja ba ta tsayar da su nan take ba. Mutumin da ya yanke shawarar mutuwa a kan ƙasarsa da addininsa, lissafinsa daban ne.

Harsashi Ba Ya Ture Mutum

A fim, na Indiya ne ko na Amurka ko namu na gida, da an harbi mutum sai ka ga ya tashi sama ya faɗa ta taga. Igiya ce ke jan ɗan wasan. Dokar kimiyya ta ce duk ƙarfin da ya tura harsashi gaba, irinsa ne ke tura bindigar baya. Da harsashin fistol zai iya ɗaga ƙato ya yar, da mai harbin ma sai ya kife.

Ga lissafin a sauƙaƙe. Harsashin 9mm nauyinsa wajen giram 8 ne, yana fita da gudun mita 360 a daƙiƙa. Na .45 ya kusa ninka shi nauyi, giram 15, amma gudunsa wajen mita 255 ne. In ka haɗa nauyi da gudu ka auna turin da kowannensu zai yi wa mutum mai kilo 70, ba zai gusar da shi da gudun da ya wuce 'yan santimita a daƙiƙa ba. Ƙwallon ƙafa da ɗan wasa ya ɗirka da ƙarfi, mai nauyin giram 430, turinta ya ninka na harsashin .45 kusan sau uku, kuma mai tsaron gida yana cafke ta a ƙirji ya tsaya da ƙafafunsa.

In aka koma ga kuzarin da harsashi ke ɗauke da shi, wanda ake aunawa da jul, 9mm da .40 da .45 duk a kusa da jul 500 suke zagaye. .357 Magnum yana iya kaiwa 750 ko fiye. Harsashin AK-47, wanda nauyinsa kusan ɗaya ne da na 9mm amma gudunsa ya ninka, ya kai jul 2,000. Babban gibi yana tsakanin ƙaramar bindiga da doguwa. Su ƙananan, a tsakaninsu, 'yan gida ɗaya ne.

Minti Biyar A Miyami

Ranar 11 ga Afrilu, 1986, jami'an hukumar FBI takwas suka tare wata baƙar mota a wata unguwa da ke kudancin Miyami. A cikinta akwai William Matix da Michael Platt, tsofaffin sojoji biyu da suka addabi bankuna da motocin ɗaukar kuɗi. Jami'an sun fi su yawa sau huɗu, amma yawancinsu ƙananan bindigogi ne a hannunsu. Platt kuwa yana riƙe da doguwar bindiga Ruger Mini-14.

Tun a farkon artabun aka sami Matix a kai da wuya, ya suma, bai ƙara taɓuka abin kirki ba. Shi ma Platt, yana ƙoƙarin fitowa daga mota, jami'i Jerry Dove ya same shi da harsashin 9mm. Harsashin ya shiga ta damtsen hannun dama, ya fita, ya shiga ƙirji, ya ratsa huhu, ya tsaya saura kamar inci ɗaya ya kai zuciya. Likitocin da suka binciki gawar daga baya sun sami jini fiye da lita ɗaya a ƙirjinsa, sun kuma ce wannan rauni shi kaɗai ya isa ya zama ajalinsa. A ka'ida Platt mamaci ne tun daga wannan lokaci.

Amma bai faɗi ba. Da wannan rauni ya ci gaba da harbi, ya zagayo bayan motar da jami'ai ke fakewa, ya kashe Dove ɗin da ya harbe shi, ya kashe jami'i Benjamin Grogan. Sannan shi da Matix, wanda ya farfaɗo, suka shiga motar jami'an suna neman tada ta. Wanda ya kawo ƙarshen lamarin shi ne Edmundo Mireles, jami'in da harsashi ya ragargaza wa hannun hagu. Da hannu ɗaya ya yi ta sarrafa bindigarsa mai harsashin warwatse, sannan ya miƙe yana tangaɗi, ya nufi motar ya juye musu harsasai shida na libarbarsa. Cikin ƙasa da minti biyar an harba harsasai wajen 145. Jami'ai biyu sun mutu, biyar sun jikkata. An ƙirga raunin harbi 12 a jikin Platt, shida a jikin Matix.

Da wannan a garinmu ya faru, da an ce Platt ya sha magani. A can ma mutane da yawa sun ɗauka ƙwaya ya sha. Gwajin jini ya nuna babu wani abin maye a jikin su biyun. Horon soja ne, da taurin zuciya, da jikin ɗan Adam wanda ba ya mutuwa da sauri kamar yadda muke zato.

Hukumar FBI ta ɗora babban laifin a kan harsashin Dove, cewa ya buɗe da wuri bai nutsa sosai ba. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai a ganina an fi son wannan bayani ne don ya fi sauƙin gyara: sayen sabon harsashi ya fi sauƙi a kan amsa tambayar me ya sa aka tunkari mai doguwar bindiga da fistol.

Me Ke Tsayar Da Jiki

Alherin da ya fito daga musibar Miyami shi ne an kira likitoci cikin maganar. A 1987 FBI ta tara masana a Kwantiko, cikinsu har da Martin Fackler, likitan tiyata na soja da ya yi aiki a yaƙin Biyetnam. A 1989 jami'inta Urey Patrick ya fitar da wata takarda da har yau ake komawa gare ta. Bayaninsu ya rushe tatsuniyoyi da yawa.

Hanya ɗaya tak ce ke tsayar da mutum nan take ko yana so ko ba ya so: lalacewar ƙwaƙwalwa ko saman laka, domin daga nan umarni ke zuwa ga gaɓoɓi. Karyewar babban ƙashi tana iya hana tafiya, amma hannu yana nan yana aiki. Hanya ta biyu zubar jini ce, ita kuwa tana cin lokaci. Ko da zuciya ta tsaya cak, iskar da ta rage a ƙwaƙwalwa tana iya bai wa mutum daƙiƙa 10 zuwa 15 yana motsi da niyyarsa. Ka duba agogo ka ƙirga 15 ka ga tsawonta.

Hanya ta uku ita ce ta fi yawan faruwa, kuma ba ta da alaƙa da kaurin harsashi. Mutum yana jin ƙarar bindiga, ya ga jini, ya san an harbe shi, sai tsoro da zafi da firgici su kwantar da shi. Ya taso yana ganin wanda aka harba yana faɗuwa, sai shi ma ya faɗi. Wani kuma, saboda fushi ko maye ko tsananin tashin hankali, ba ya ma sanin an same shi sai ƙura ta lafa. Wannan shi ya sa labaran harbi ke saɓa wa juna, shi ya sa kuma mai sayar da maganin bindiga ba ya rasa shaidar da zai kafa. Waɗanda maganin bai cece su ba, ba sa nan balle su ba da tasu shaidar.

Game da raunin kansa, harsashi yana barin rami iri biyu. Akwai ramin dindindin, wato naman da ya murƙushe a kan hanyarsa. Akwai kuma buɗewar wucin gadi, inda naman da ke kewaye ke talewa na ɗan ƙiftawar ido ya koma. A gudun doguwar bindiga wannan talewa tana yaga nama nesa da hanyar harsashin. A gudun fistol kuwa, tsoka da huhu da hanji suna miƙewa su dawo ba tare da babbar ɓarna ba, sai dai gaɓoɓi marasa talewa irin su hanta. Saboda haka harsashin fistol abin da ya taɓa kawai yake lalatawa. Daga nan FBI ta kafa ƙa'idarta: dole harsashi ya nutsa inci 12 zuwa 18, wato santimita 30 zuwa 46, a cikin jelatin, daskararren ruwan fata da ƙashi da ake haɗawa daidai taurin tsoka, kuma ya yi haka ko bayan ya ratsa tufafi masu kauri, gilashin mota, katako ko ƙarfen ƙofar mota.

An Zagaya An Dawo Gida

Bayan Miyami, FBI ta koma ga harsashin 10mm mai ƙarfi. Ƙarfin nasa ya zo da naushin baya mai tsanani, sai aka rage masa albarushi. Kamfanin Smith & Wesson da na Winchester suka lura cewa tunda an rage albarushi, ana iya gajarta kwanson ya shiga bindiga mai girman ta 9mm. Haka aka haifi .40 a 1990, kuma cikin 'yan shekaru ya mamaye rundunonin 'yan sandan Amurka. FBI da kanta ta rungume shi a 1997.

A 2014 sashen horarwa na hukumar ya ba da shawarar a koma 9mm, harsashin da aka tsine wa a 1986. Abin da ya sauya shi ne ƙirar harsashi. Harsashi mai rami a baki, wanda ke buɗewa idan ya shiga jiki, an inganta shi har ya zama yana buɗewa kuma yana nutsawa yadda ake so. Irin wannan harsashi yarjejeniyar Heg ta 1899 ta hana amfani da shi a yaƙi tsakanin ƙasashe, amma 'yan sanda suna amfani da shi, ɗaya daga dalilansu kuwa shi ne bai cika ratsa mutum ya sami na bayansa ba. Hukumar ta ce tsakanin kyawawan harsasan zamani, daga 9mm har .45, da wuya a ga bambanci a ramin da suke bari. Ta kuma ce kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na harsasan da jami'an tsaro ke harbawa a artabu ba sa samun wanda aka nufa. In haka ne, bindigar da ba ta dukan hannu sosai, wadda jami'i zai fi iya saitawa, ita ce ta fi amfani. Ga yawan harsasai: bindigar Glock 17 mai 9mm tana cin 17, 'yar'uwarta mai .40 tana cin 15, mai .45 kuma 13, tsohuwar bindigar 1911 bakwai. Ga arha, wadda ke ba da damar yawan atisaye. A 2016 hukumar ta ba Glock kwangilar sababbin bindigogi masu 9mm.

Alƙaluman Harbi Ɗaya

A 1992 wani tsohon ɗan sandan Ditiroyit, Evan Marshall, da abokin aikinsa Edwin Sanow suka wallafa littafi mai jera harsasai bisa yawan lokutan da harbi ɗaya a gangar jiki ya tsayar da mutum. .357 Magnum ya zo a sama da fiye da kashi 90 cikin ɗari. Jadawalin ya yi farin jini don mutane na son lamba. Matsalarsa ita ce an ware duk harbin da aka sami mutum fiye da sau ɗaya, alhali sau da yawa dalilin harbi na biyu shi ne na farko bai yi aiki ba. An cire gazawa daga lissafi, sannan aka ƙirga nasara. Fackler da wasu masana sun yi watsi da alƙaluman, ni ma ban ga dalilin jingina da su ba.

Ƙarami Ba Abin Rainawa Ba Ne

Ranar 30 ga Maris, 1981, John Hinckley ya buɗe wuta a kan Shugaba Ronald Reagan da 'yar libarba mai .22. Harsashi ɗaya ya sami kakakinsa James Brady a kai, ya zube nan take, ya kuma rayu da nakasa har ƙarshen ransa. Wani ya daki motar shugaban ya karkato ya shiga ƙarƙashin hammatarsa ta hagu, ya karya haƙarƙari, ya huda huhu, ya tsaya dab da zuciya. Reagan, mai shekara 70, bai ma san harbinsa aka yi ba da farko. Da ƙafarsa ya shiga asibiti kafin ya yanke jiki. Bindiga ɗaya, harsashi iri ɗaya, cikin daƙiƙa biyu, sakamako biyu.

A watan Nuwamba na 1992, a jihar Karolina ta Kudu, wani ɗan sandan babbar hanya mai suna Mark Coates ya tsayar da wata mota, direban ya far masa. Coates ya same shi da harsasai biyar na .357 Magnum, harsashin da ke saman jadawalin Marshall. Mutumin, wanda ƙato ne mai ƙiba, ya rayu har ya fuskanci shari'a. Shi kuwa Coates harsashi ɗaya na .22 ne ya shiga ta hammata, inda rigar sulkensa ba ta rufe ba, ya kai ga zuciya, ya rasu.

Kada a fahimci cewa duk harsasai ɗaya ne. .22 da sauran ƙananan sun fi yawan kasa nutsawa, ƙashi ma yana iya karkatar da su, don haka babu rundunar da ke bai wa jami'anta su a matsayin makamin aiki. Manya irin .44 Magnum kuma, waɗanda fim ɗin Clint Eastwood na 1971 ya yi wa suna, sun fi dacewa da farautar manyan dabbobi, mutane kaɗan ne ke iya sarrafa su da sauri. Amma a tsakiya, inda 9mm da .40 da .45 suke, milimita biyu da rabin nan ba su kai muhimmancin inda harsashi ya bi, da zurfin da ya kai, da halin zuciyar wanda ya samu ba. Hukuncina shi ne babu harsashin ƙaramar bindiga da za a rantse zai tsayar da mutum nan take, babu kuma wanda ya yi ƙanƙantar da za a yi wasa da shi a nuna wa ɗan'uwa. A Najeriya ma, Dokar Makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin jerin makaman da aka haramta, waɗanda ba a mallaka sai da lasisin Shugaban Ƙasa.

Tunda yawancin wanda harsashin fistol ya kashe zubar jini ne ke kashe shi, zubar jini kuwa tana cin lokaci, akwai mintunan da na kusa da shi zai iya ceton ransa. Babi na gaba zai yi bayanin waɗannan mintuna: yadda ake danne rauni, yaushe ake ɗaure hannu ko ƙafa, da abin da ya sa bai kamata a tsaya tonon harsashi ba kafin a kai mutum asibiti.